Na suma bayan na ba da jini, ga shi za a iya sake nema na

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga masu aikin asibiti da waɗanda suka saba ba da jini.

Wata huɗu da suka wuce aka kwantar da ɗan yayata mai ciwon sikila, jininsa ya yi ƙasa, aka ce a kawo mai bayarwa. Ni ce kusa, sai na ruga. Ban karya ba, ko ruwa ban kurɓa ba, ga shi daren ban runtsa ba. Aka auna ni, kilo 54, aka soki yatsana aka ce jinina ya isa. Lokacin ɗiban lafiya ƙalau nake, ina matsa ƙwallon robar da suka ba ni, ina kallon ledar tana cika. Da aka zare allura suka ce in zauna in huta, amma hankalina na wajen yaron, sai na miƙe. Ban kai bakin ƙofa ba gumi mai sanyi ya keto mini, kunnuwana suka toshe kamar na nutse a ruwa, idona ya rufe. Farkawa na yi na gan ni a ƙasa, ƙafafuna a kan kujera, nas tana kiran sunana. Sun ce ko minti ɗaya ban yi a sume ba.

Mama ta ce kada in sake, wai jinin da ya fita ba ya komawa. Ni ma da na tuna allurar sai gabana ya faɗi. Amma yaron nan kowane lokaci zai iya sake buƙata, kuma ba zan iya naɗe hannu ina kallo ba. Sumar nan tana nufin jikina ba zai iya ba ne?

Wata ma'aikaciyar ɗakin ajiyar jini:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka da alheri, ya ba yaron lafiya. Abin da kika kwatanta muna ganinsa, kuma ya fi samun matasa, da masu ƙaramin jiki, da waɗanda karonsu na farko ne. Duka ukun kin haɗa, kika ƙara da yunwa da rashin barci da fargaba.

Ba ƙarewa jininki ya yi ba. Leda ɗaya wajen mililita 450 ce. Babban mutum yana da kamar lita 5 a jikinsa, mai nauyinki kuma ƙasa da haka, shi ya sa jikinki ya fi jin ɗiban, shi ya sa ma ba a karɓar wanda bai kai kilo 50 ba. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauko zuciya da ciki. In tsoro ko zafi ko ganin jini ya zabure ta, sai bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki. Da kika miƙe zumbur sai jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci. Shi ya sa da aka kwantar da ke aka ɗaga ƙafafun kika dawo nan take. Abin da muka fi jin tsoro shi ne faɗuwar, kada mutum ya bugu a kai.

Ki gaya wa Mama cikin ladabi cewa jini yana komawa. Ruwansa yana cika cikin kwana 1 zuwa 2, jajayen ƙwayoyin kuma ɓargo yana mayar da su cikin mako 4 zuwa 6. Dama ko ba a ɗiba ba, kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu a ƙera sabuwa.

Sai wani abu: ki san jinotayif ɗinki. Tunda yayarki ta haifi mai sikila, akwai yiwuwar ke AS ce, wato kin gaji ƙwayar halittar sikila daga ɓangare ɗaya amma ba ki da ciwon. Mai AS yana iya ba da jini a wurare da yawa, amma ba nasa ake so a ƙara wa mai sikila ba. Sai a karɓi naki a ajiye, a ba yaron wanda ya dace da shi.

Wani da ya daɗe yana bayarwa:

'Yar uwa, ni ma haka ta faru da ni a karon farko, a tsaye ina sa takalmi. Na yi shekara ina zagaye wurin don kunya. Da na koma, na faɗa musu tun daga teburin rajista cewa na taɓa suma. Kada ki ɓoye wannan. Sai suka kwantar da ni sosai, suka kau da ledar daga idona.

Abin da nake yi har yau: in yi barci isasshe, in ci abinci, in sha ruwa kamar rabin lita ana saura minti 30. Ina kan gado sai in harɗe ƙafafu, in ɗaure naman cinyoyi da na ciki in ƙirga biyar, in saki in ƙirga biyar, haka har a gama. Yana hana jinin kwanciya a ƙafafu. In an zare allura ba na tashi kai tsaye. In zauna bakin gado ƙafafu na reto, sannan in koma kujera in cika minti 15 ina shan wani abu. Ranar ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba doguwar tsayuwa a rana. In kika ji jiri ko a ina ne, ki kwanta a wurin, kada ki ce bari in ƙarasa.

Wata uwa a cikinmu:

'Yata, ni ban ce kada ki bayar ba, amma ba na so ki ɗora wa kanki nauyin yaron nan ke kaɗai. Mu mata muna zubar da jini duk wata. Kowace leda tana tafiya da wajen miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini da shi, shi kuma watanni yake ɗauka kafin ya cika, ko da gwajin yatsa ya nuna jinin ya isa. Ni na bayar a jere har na koma hawa bene ma sai na tsaya ina haki. Dalilin ke nan ƙasashe da yawa suke ba mace tazarar wata 4, namiji wata 3. Ki tara 'yan uwa da abokan arziki a san rukunin jinin kowa tun yanzu, ana karɓa-karɓa. In kuma kin taɓa suma ba tare da dalili ba, ko kina jin ciwon ƙirji ko zuciya na tsalle, ki fara ganin likita.

Wani matashi:

Ni tsorona daban ne. Ba a ɗaukar cuta a wajen?

Ma'aikaciyar ta sake cewa:

Ba a ɗauka, ƙanena. Allurar haɗe take zuwa da ledarta a rufe, a gabanka ake ɓarewa, sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Jinin kuma sai an gwada shi don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere kafin a sa wa wani. In an ga wani abu, kai za a kira a gaya wa a asirce.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, na karanta wa Mama bayaninki, ta yi shiru, sannan ta ce in dai zan je to tare za mu tafi. Gobe zan je a duba jinotayif da yawan jinina. Na kuma yi wa yayyena maza biyu magana, ɗaya ya amsa, ɗayan ya ce shi ma allura yake tsoro. Yaya, ɗaure cinyoyin nan tun kafin a soka allura kake farawa, ko sai jinin ya fara zuba?