Wa ya fara ganin jirgi, Kano ko waninta?

Bakanon Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Ɗana ya dawo daga makaranta, na buɗe littafinsa sai na ga malaminsu ya sa sun kwafa cewa a Legas jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, har yaron ya ja wa wurin layi da jan biro. Haba! Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka sauka a Kano. Jirgin ƙasa kuwa tun 1911 ya iso, zamanin Sarki Abbas. Kano ce ta fara ganin jirgi, amma 'ya'yanmu ba su sani ba. Ku ba ni shawara, yaya za mu yi da irin wannan koyarwa?

Ɗan Yerwa: Malam, gyara kalmar "fara". Jiragen nan ta Sudan suka biyo, Khartum, Fashir, sannan Lamy wadda yau ake kira Njamena. Sai da suka sauka Maiduguri kafin su ƙarasa wajenku.

Bakanon Fagge: Wannan ai yada zango ne. Alhajin ƙasa da ya kwana a hanya, ba a cewa can ya nufa.

Ɗan Yerwa: Taya ta taɓa ƙasar Barno ko ba ta taɓa ba? Shi kaɗai nake tambaya.

Na Minna: Ku bar na sama tukuna, na ƙasan ma ba daidai ba ne. Daga Baro aka soma shimfiɗa dogon a 1907, lokacin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Ta kogin Kwara ake kawo ƙarafan a jirgin ruwa, a sauke a Baro. Kafin wannan ma akwai ɗan siririn layin da Lugga ya sa aka yi tsakanin Wushishi da Zungeru tun 1901. A lokacin Kano ƙarshen layi ce.

Bazazzagi: Allah ya saka maka. Jirgin da ya taso daga Baro ta ina zai bi in ba ta Zariya ba? Mu muka fara jin kukansa kafin Kanawa. Daga Zariya kuma aka ja ƙaramin layin da ya hau Jos don kwaso kuza. Amma komai sai a ce Kano, Kano.

Bakanon Fagge: To, hassadar ta motsa.

Bazazzagi: Wa kake kira mahassadi? Janye maganarka, ban zage ka ba.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku dakata. Kuna ta rigima kan wa ya fara gani, ba wanda ya tambayi wa ya haƙa. Kakanmu ya yi aikin diga. Yakan ce dagaci ne ke zuwa ya ƙirga samari gida gida, a kora su bakin aiki, kwandon ƙasa a ka tun asuba, gona kuwa ko oho. Har ya rasu akwai wani tabo a tsakiyar kansa inda gashi bai sake fitowa ba. Turawa audugarmu suke so don masaƙunsu, shi ya sa suka ja layin. Manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, suka koma mata.

Bakanon Fagge: Gaskiya ne Hajiya, Allah ya jiƙansa. Kuma gyaɗar nan ita ta haifi dalar gyaɗa a Kano, su Alhasan Ɗantata suka yi suna.

Ba'are na Maraɗi: Dalar Kano da gyaɗar wa? Iyayenmu a kan raƙuma da jakuna suke kai tasu, don Faransa ba ta shimfiɗa mana ko taku ɗaya na dogo ba.

Basakkwace: Ku gode wa Allah kuna da abin gardama. Layin da ya bi ta Gusau a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929, na gabas ya kai Nguru a 1930. Birnin Shehu har yau bai ga jirgin ƙasa ba.

Malamin Makaranta: Ƙarin bayani kaɗan: na 1925 jiragen soja ne. Na fasinja da wasiƙu sai 1936, da kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano, daga baya ya miƙa Legas.

Bakanon Fagge: Kun ji ko? Kano dai!

Ɗan Yerwa: Na fasinjan ma ta samanmu ya riƙa bi. Maiduguri ta jira dogo har 1964, yanzu kuma saukar jirgin ma za ku ƙwace mana?

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: kowa ya yarda ba Legas jirgin sama ya fara sauka ba, kuma Kano jiragen suka nufa, na soja da na fasinja. Maganar Maiduguri zango ne, mun ji. Layin Zungeru ƙarami ne, ba a kwatanta shi da babban dogo. Ɗan uwanmu na Zariya a rage zafi. Hajiya mun gode. Ni a Kurna na tashi, ina jin saukar jirgi tun ina yaro, don haka na san abin da nake faɗa. Bakanon Fagge, gobe ka je ka sami malamin.