Bindiga ɗaya don faifan laka da agwagin ruwa: abin da 'yan'uwa suka gani da idonsu

Mai tambaya, daga Houston:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata biyu ke nan ina zuwa filin harbin faifan laka, wato faifan da na'ura ke cillawa sama a harbe shi, kowace Asabar da bindigar haya, kuma a watan Satumban da ya wuce wani abokin aikina ya kai ni gonakin shinkafa na wajen garin Eagle Lake, a nan jihar Texas ta Amurka, lokacin farautar ƙananan agwagin da ke fara saukowa daga arewa. Tun ranar da na ga garkensu ya karyo bisa ruwa kafin hudowar rana, abin ya shiga raina. Kuɗin da na tanada na bindiga ɗaya ne tak, don haka nake roƙon duk wanda ya taɓa haɗa ayyukan nan biyu da bindiga guda ya faɗa mini abin da ya gani.

Amsa daga wani dattijo a Maryland:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina farauta a gabashin gaɓar Chesapeake, kuma shawarata ita ce ka fara duba harsashi kafin ka duba bindiga. Tun 1991 dokar tarayya ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a duk faɗin Amurka, domin agwagi na tsintar waɗanda suka nutse a laka su haɗiye, gubar ta kashe su. Saboda haka a fadama yawancinmu ƙwayoyin ƙarfe muke harbawa, lamba 2 zuwa 4, alhali a filin faifai dalma ce ƙanana, lamba 7 da rabi ko 8. Ƙarfe ya fi dalma tauri, ba ya lotsewa idan ya iso inda bakin bututu ya tsuke, shi ya sa bindigar da za ta yi maka aiki biyu dole ta kasance mai zoben matse baki da ake kwancewa a sauya. Da na fara, na ɗaura zobe mafi matsi ina ganin zai ƙara mini nisa, sai na yi safiya guda ina kuskure. Da muka kafa babban kwali a tazarar yadi 40 muka harba, na ga ƙwayoyin sun dunƙule wuri guda sun bar gefe fayau. Tun daga ranar matsakaicin zobe nake sawa don agwagi, mai ɗan buɗewa kuma don faifan da ke gittawa kusa.

Ka tsaya a kan geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin ramin bututu), mai cin harsashi mai tsawon inci 3, da bututu inci 28. Masu shago za su nuna maka mai cin inci 3 da rabi, irin da aka fito da shi a 1988, amma sai dai idan manyan ɗinya za ka bi daga nesa, ba ka bukatarsa, kuma tokarinsa a kafaɗa yana koya wa mutum ƙifta ido kafin ya ja kunama. Kada ka manta da sandar toshewa da ake sawa a cikin ma'ajiyar harsashi, domin doka ba ta yarda bindigar farautar tsuntsaye masu ƙaura ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba, kuma jami'an gandun daji suna gwadawa da hannunsu. Akwai kuma tambarin agwagwa na tarayya, wato kan sarkin da mai farautar agwagi ke saya, dala 25, ban da lasisin jiha.

Amsa daga Ingila:

Yaya, a nan wajenmu kusan kowa a filin faifai mai baki biyu yake riƙewa, bututu ɗaya bisa ɗaya, ni ma ita na fara saya bayan 'yan sanda sun ba ni takardar izini. Alfanunta a fili yake: kowane baki da nasa zoben, kuma idan ka karya ta ka rataya a hannu, kowa na ganin babu harsashi a ciki. Amma ranar da na shiga da ita gaɓar teku a gabashin ƙasar cikin watan Janairu, ina durƙushe a wani ƙorama da laka ta kai mini gwiwa, na gane cewa duk lokacin da zan ɗura sai na sunkuyar da bakinta, kuma sau biyu ya taɓa laka. Bututun da ya toshe da laka yana iya fashewa, don haka na daina harbi na zauna ina kallon agwagi na wucewa. Da na koma gida na tarar gishiri ya fara cin ƙarfen, katakon gindin kuma ya yi dabbare-dabbare. Yanzu mai ɗura kanta nake amfani da ita, mai gindin roba, kuma ina zuwa da ita filin faifai ba tare da makina ya ragu ba. Idan tsohuwar hannu za ka saya, ka tabbata an yi ta don ƙwayoyin ƙarfe. A nan muna duba hatimin fure da ake bugawa a jikin bututu.

Amsa daga Minnesota:

Malam, masu ɗura kansu iri biyu ne, kuma na riƙe duka. Akwai mai aiki da hayaƙin harsashi, kamar Beretta A300 da A400, akwai kuma mai aiki da ƙarfin tokari, kamar Benelli Super Black Eagle da ta fito a 1991. Mai hayaƙi ta fi taushi a kafaɗa, abin da za ka gode masa idan ka harba faifai 100 a yini, sai dai tana son wanki akai-akai. Mai tokari ba ta tara datti sosai, amma wata da na taɓa mallaka takan ƙi fitar da kwanso idan na sa mata harsashi mara nauyi na filin faifai.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa tsawon gindi ne. Na gwada bindigata a shago da 'yar riga a lokacin zafi, ta zauna daram. Da Nuwamba ya zo na sa rigunan sanyi uku, sai gindin ya riƙa maƙalewa a hammata, kuncina bai sauka inda ya saba ba, harbina duk ya bi ta saman tsuntsu. Bindigar tsuntsaye ba a saita ta kamar ta harbin barewa, inda idonka ya kalla nan take harbawa idan ta dace da jikinka. Ka tafi shago da rigar da za ka shiga fadama da ita, ka rufe ido ka ɗaga bindigar, sannan ka buɗe ka ga ko idonka na bisa layin bututu. Ka nemi wadda ake ƙara wa gindinta tsawo ko a rage da 'yan faranti.

Amsa daga Arkansas:

Ni Remington 870 nake riƙewa, mai zugewa da hannu, wadda ake ƙerawa tun 1950. Ta sha ruwa a dazuzzukan da ambaliya ke shafewa kusa da Stuttgart, ba ta taɓa ƙin tashi ba, kuma rarar kuɗin na zuba shi a harsashin atisaye. Inda take ba ni aiki shi ne idan aka saki faifai biyu lokaci guda, domin zugewar takan ɗan kawar da bakin daga layi.

Mai tambaya, daga Houston:

Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Na yi magana da mai kula da filinmu, ya ce yana da mai hayaƙi da mai zugewa a cikin na haya, duka geji 12. Asabar mai zuwa zan je da rigar sanyina da babban kwali, in harba faifai 25 da kowace, in kuma gwada harsashin ƙarfe lamba 3 a yadi 40 idan ya ba ni izini, sannan in dawo muku da abin da kwalin ya nuna.