Hoton kakanmu cikin kaki: ta ina za mu gano inda ya yi aikin soja?

Jikar Baba Soja:
Assalamu alaikum. Muna da hotuna biyu na kakanmu, Allah Ya jiƙansa. A ɗaya yana sanye da dara mai tuntu da gajeren wando, ƙafa ba takalmi. A ɗayan kuma malafa ce a kansa, da wata alama a saman hannun riga mai kama da gizo-gizo, da igiya biyu. Manya sun ce ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, iyakar abin da suka sani ke nan. Yaya za mu gano rundunarsa da shekarun da ya yi?

Malam Na-Bariki:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hotunan nan sun riga sun faɗi rabin zancen. Jar dara da falmaran ja da ɗamara ja a kan kaki kayan faretin rundunar RWAFF ne, sojojin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma. Duba gaban darar, za ki ga tambarin bishiyar kwakwar manja. Rashin takalmi na nuna hoton ya girmi ɗayan, don sai a yaƙin duniya na biyu takalmin but ya wadatu ga sojojinmu.

Hoto na biyu shi ne mai nauyi. Baƙin gizo-gizo a kan ƙyalle rawaya alamar Runduna ta 81 ce, wadda aka kafa a Najeriya a 1943, ta yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Da Runduna ta 82 ce, za ki ga mashi biyu a gicciye bisa gammo. Su ne suka bi ta Arakan, aka kama Myohaung da su a Janairun 1945. Igiya biyu kofur ne, ɗaya las-kofur, uku saje. Samanja kuwa ba ya ɗaura igiya, kambi ne a ƙasan hannun rigarsa.

Amma runduna mutum dubbai ce, don haka lambar soja za ki nema. Ta 'yan Najeriya tana farawa da NA, ta 'yan Gana da GC. Ki juya bayan hotunan, ki bincika adakar kakarku ko akwai takardar sallama, littafin albashi ko takardar fansho. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, domin akawun ɗaukar soja kan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, ga kuma rubutun Bature: Mamman ya koma Momo ko Mama, Audu ya koma Awudu. Masu suna iri ɗaya sukan yi yawa a bataliya guda.

Mai Gyaran Hoto:
Kafin komai, don Allah kada a kai hotunan a manne su da leda mai zafi, kada kuma a goge su da ruwa ko man shafawa. Zafin yana cin fuskar hoton, ledar kuma ba ta ɓamɓaruwa. A sa su a sikana a kan 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), in ƙaramin hoto ne 1200, gaba da baya, kuma a zaɓi mai launi ko da hoton baƙi da fari ne, don rubutun fensir da hatimin mai hoto sun fi fitowa a haka. Hatimin nan kan ba da sunan gari, wani lokaci a Indiya, inda rundunonin suka yi horo kafin su shiga Bama. In waya ce kawai a hannu, a ɗauka a inuwa da rana, ba filashi, wayar a miƙe daidai saman hoton.

A guji manhajojin nan masu ƙara wa hoto kyau da launi. Inda alama ta dushe, ƙirƙiro tasu suke yi, sai ki bi sawun tambarin da bai taɓa sawa ba. Sannan ki duba ko an wanke hoton a juye: lambobin yabo a ƙirjin hagu ake maƙala su.

Malam Na-Bariki:
Gaskiya ne, kuma lambobin yabon ma suna ba da shekara. Tauraron Bama sai a Mayun 1945 aka fito da shi, saboda haka hoton da ke da ƙyallensa bai girmi wannan ba. Ƙyallen ja ne mai faɗi a tsakiya, gefuna shuɗi mai duhu da zirin ruwan lemo. Na tauraron Afirka ruwan ƙasa ne mai haske da ja a tsakiya. Wanda ke da shi galibi ya yi yaƙin Italiyawa ne, irin na birged ɗin Najeriya da ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941.

Ɗan Taskar Tarihi:
Malam, a yi hattara da launi. Tsohon fim yakan mai da ja da rawaya baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya yi fari-fari, sai a ƙirga ziri da faɗinsu maimakon a dogara da duhunsu. Kuma in an samu lambobin yabon kansu, na yaƙi na biyu ba a buga musu suna ba. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 ne ke ɗauke da lamba da muƙami da suna a gefe ko a baya, kamar na waɗanda suka je Kamaru da Afirka ta Gabas.

Da an san bataliya, sai a nufi kundin da kowace bataliya ke rubutawa kullum a fagen daga. Suna taskar tarihin Ingila da ke unguwar Kew a Landan: na Bama a jerin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma za ki ga inda bataliyar ta kwana rana bayan rana. In an taɓa ba shi lambar jarumta, takardar shaidar tana WO 373, ana nema da suna ko lamba ta intanet. Abokan da suka rasu a can kuma suna rajistar hukumar CWGC mai kula da kaburburan sojojin Kwamanwel, da yawa sunayensu na jikin bangon tunawa na Taukkyan kusa da Yangon. A gida, ki je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku da kwafin hoton da lambar, ki bar na asalin a gida.

Abu ɗaya ga masu dangi a Nijar: sojojin Faransa ma jar dara suke sawa. Tambarinsu anga ce irin ta jirgin ruwa, ba bishiya ba, kuma takardunsu a garin Pau na Faransa ake nema.

Jikar Baba Soja:
Allah Ya saka da alheri. Na juya hoton malafar, akwai NA da lambobi biyar da fensir, na ƙarshen ya ɗan goge. Gobe zan kai a yi sikanin bayan.