Auna ƙofofin dutsen yashi mai riƙe gas: abin da aka tattauna

Filin gas na Sulige da ke kwarin Ordos a ƙasar Sin shi aka fi kawowa misali a wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu. A irin wannan matsattsen dutsen yashi, ƙofofin da gas ke zama ciki ba su cika kai kashi 10 cikin 100 na girman dutsen ba, hanyar ratsawarsa kuma takan gaza milidarsi 0.1 (milidarsi ma'auni ne na sauƙin ratsawar ruwa ko gas cikin dutse).

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce kada a dogara da amon sautin da aka harba ƙasa shi kaɗai. Dutsen yashin da dutsen lakar da ke kewaye da shi sukan mayar da amo kusan iri ɗaya, har a ɗauki wannan a matsayin wancan. Sai a kwatanta saurin igiyoyin girgiza biyu da ke ratsa dutsen, wato igiyar P (mai matse dutse gaba da baya) da igiyar S (mai girgiza shi gefe da gefe), domin gas yana rage gudun P, S kuwa ko a jikinta.

A fara daga rijiya: a daidaita ma'aunan da aka ɗauka a cikinta da guntun dutsen da aka yanko aka auna a ɗakin gwaji. Wani ya ce a ɓoye rijiya guda, kar ta shiga lissafi, sai a gwada hasashen yawan ƙofofin da ita. A ganina wannan ta fi kowacce amfani, ko da yake rijiyoyi na tsada, mutane ba sa son ware ko ɗaya.