Aikin gadin dare a San Pedro: in sha maganin rigakafin masassarar cizon sauro ko in riƙe na warkewa?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum. Na samu gadin dare a wani wurin gini a San Pedro, ƙasar Kwaddibuwa, tafiya bayan salla. Ido biyu zan riƙa kwana a waje. An ce in sha ƙwayar doksisikilin kullum don rigakafin masassara, ga ni da olsa. In sha, ko in sayi Coartem, maganin warkewa, in riƙe? Wanda ya zauna can ya taimaka mini.

Mai Gyaɗa: Wa alaikumus salam. Sayi sange mai magani, magana ta ƙare.

Direban Kwatano: Mai gadi cikin sange? Ɓarayi za su gode maka 😂 Ƙanena, mu da muka tashi bakin Gulbi wane sauro ne bai ɗanɗana mu ba? Jininmu ya saba.

Ɗiyar Tibiri: Wannan maganar ce ta kashe mana ƙane. Gonar koko ya je wajen Subre, can Kwaddibuwa. Jiki ya yi zafi, abokansa suka ce gajiya ce, suka sayo masa farasitamol da wasu ƙwayoyi a leda wurin mai talla. Zafi ya sauka ya dawo. Mai gona ya ce lalaci ne, ba ya fidda mota sai ranar kasuwa. Da ya fara sambatu, fitsari ya yi baƙi, sai aka ce iskoki, aka kira mai tofi. Kan babur ya cika, kafin a kai asibiti. Ko gawarsa inna ba ta gani ba, kuɗin aikinsa ma har yau shiru.

Mai Gyaɗa: Inna lillahi. Allah ya jiƙansa, Hajiya.

Majo mai ritaya: Allah ya gafarta masa. Direba, a nan masassara da damina zuwa kaka take tsanani, can bakin teku kusan duk shekara ce, kuma sabo ba ya hana ta kayar da babba. Ɗan Bagalam, ɗana, doksisikilin na iya tayar da ciki, ka ga likita kafin ka fara. In ya yarda, da abinci da ruwa mai yawa, kuma sai ka ci gaba mako 4 bayan dawowa. Jiki ya yi zafi, a soki yatsa a gwada ranar. Coartem na babba ƙwaya 24 ne, huɗu-huɗu sau 6 cikin kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a shanye ko an ji sauƙi. Amai ba tsayawa ko gushewar hankali, wannan na allura ne a asibiti. Nivakin kuwa, tsohon maganin masassara, ta daina aiki tuni.

Direban Kwatano: Baba Majo, da girmanka, ka taɓa kwana a tashar Abijan? Ganyen bedi nake dafawa, ga ni garau.

Ɗiyar Tibiri: Shekarunsa nawa yana duba marasa lafiya, kai kana duba taya?

Mai Gyaɗa: Coartem jika huɗu na saya a farmasi.

Ɗan Madarumfa: An cuce ka, Alhaji. Jika guda da rabi na saya a Jibiya.

Majo mai ritaya: Ka duba kwalin da ranar lalacewarsa? Jabu ya yi yawa.

Ɗan Madarumfa: Wanda ya yi allurar katin shawara ma ai ya huta da duk wannan.

Majo mai ritaya: A'a. Ciwo daban ne, allurar shawara ba ta tsare masassara.

Direban Kwatano: Katin nan kada ku tuna mini. Da shi a hannuna, da hatimi, aka tsayar da ni kan iyaka sai na ba da jika biyu. Wanda ba ya da kati ya ba da jika biyu, muka wuce tare.

Mai Gyaɗa: Kai ka samu sauƙi. Mu har kuɗin sauke kaya aka karɓa, kayan kuwa ba wanda ya sauke.