In An Kama Malami Ko Ɗan Fafutika: Abin Da Tattaunawar Yamai Ta Tsayar

Lauyoyin da suka zauna da limamai da ƴan ƙungiyoyin farar hula a Yamai sun ce awowin farko bayan kama mutum ne ke da hatsari. Iyali su rubuta lokacin kamun, lambar motar, da ko masu kamun na cikin kaki ko farin kaya. Daga nan a bi komisariya, ofishin jandarma da na PJ (ƴan sandan binciken laifuka) ana tambaya. Ƴar jarida Samira Sabou, da aka kama a 2023, sai da ta kwashe kwanaki ba a san inda take ba.

Tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya ƙarawa sau ɗaya. Amma in aka jingina tuhumar ta'addanci, kamar yadda aka yi wa ɗan fafutika Moussa Tchangari bayan kama shi ranar 3 ga Disamba 2024, wa'adin kan kai kwana 15, kuma ana sabunta shi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ta ba mutum damar samun lauya tun daga kamu, don haka kada ya sa hannu a takardar bayani kafin lauya ya karanta, balle an rubuta ta da Faransanci shi ko ya yi magana da Hausa.

Malamai an ja musu kunne kan salula. Gyaran dokar intanet na Yunin 2024 ya maido ɗauri kan ɓatanci da abin da aka kira tada zaune tsaye, kuma almajiri kan yanko minti guda daga huɗuba ya watsa a WhatsApp. A ajiye cikakken faifan, shi ne shaida gaban alƙali.

In wanda aka kama na da ciwon suga ko hawan jini, a kai masa magungunansa tare da takardar likita.