Kowa da ayarsa a hannu: yaya mutum zai gane koyarwar gaskiya?

Ɗan Mabera:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Wa'azi ya yi yawa a waya. Wannan ya ce in ba ka shuka iri da kuɗi ba albarkarka a ɗaure take, wancan ya ce mafarkinka wahayi ne sai ka sayi man shafewa, wani ya ce duk ƙarya suke yi. Abin da ke ɗaure kai, kowannensu aya yake jawowa. To wanda bai yi makarantar tauhidi ba, ta ina zai fara?

Dattijon Arkilla:
Ɗana, jawo aya ba hujja ba ce. A Matiyu 4:6 Iblis da bakinsa ya jawo wa Yesu Zabura 91, kuma Yesu bai yi tsalle daga kan Haikali ba.

Duk ayar da aka ba ka, rubuta lambarta, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta surar tun daga farko har ƙarshe, ka haɗa da ƙarshen surar da ta gabace ta. Manzanni ba su rubuta da lambobi ba. Sai a ƙarni na 13 aka raba surori, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa a 1551 aka sa su, don haka sau da yawa lamba takan yanka magana a tsakiya. Bayan nan ka tambayi kanka: wa ke magana, da wa yake yi, me ake ciki a lokacin?

Gwada da Luka 6:38, wadda masu neman kuɗi suke so, inda aka ce a bayar za a ba ka mudu a cike har yana zuba. Koma aya ta 36 da 37. Maganar jinƙai ake yi, da barin hukunta mutane, da yafewa. Ba a ambaci asusun wani mai wa'azi ba. Haka Filibiyawa 4:13: Bulus yana kurkuku ya rubuta ta, ayoyi biyun da suka gabace ta kuma suna cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Littafin Ayuba ma akwai tarko, domin surori da yawa maganar abokansa ce, a 42:7 kuwa Allah ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba. Wanda ya ɗauko aya daga bakin Elifaz, ɗaya daga cikin abokan nan, ya ce in ji Ubangiji, ya yi kuskure tun daga tushe.

Maman Zumunta:
Baba ya faɗi yadda ake bincike, amma ɗana, wanda bai san littafin ba zai yi ta bin ayoyin wasu har ya gaji. Ka kafa karatunka. Fara da Markus, sura 16 ce, ɗaya a rana. Sai Yahaya mai sura 21, sai Ayyukan Manzanni mai 28. Wata biyu da 'yan kwanaki ka gama su. Wahayin Yahaya da ƙarshen Daniyel a bar su tukuna, cike suke da alamu, can ne masu lissafin ranar tashin duniya suke kiwo, alhali Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar.

Da asuba ya fi, kafin zafin Sakkwato ya taso, minti 20 ya isa, a kashe data. Ka roƙi hikima yadda Yakubu 1:5 ta ce. Ajiye littafin rubutu, ka rubuta abin da surar ta faɗa game da Yesu, abin da ta ce a yi, da abin da ba ka gane ba. Wannan na ƙarshen kai wa fastonka ko ajin nazari na mako.

Abu biyu ke ɓata karatu. Na ɗaya, rufe ido a buɗe littafi a dangwala yatsa a ce ga saƙon yau. Wannan duba ne, ba nazari ba. Na biyu, tsalle daga fassara zuwa fassara. Hausar fassarar 1932 ta tsufa, ta 1979 ta fi sauƙi. Riƙe guda, sai wuri ya yi wuya ka leƙa ɗayar.

Katikis Gawon Nama:
Zan ƙara a kan mai wa'azin kansa. In ya yi annabci, rubuta abin da ya faɗa da ranar. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce in bai cika ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, kada kuma a ji tsoronsa. Amma cikawa kaɗai ba ta isa ba, 13:1-3 ta ce ko alamar ta faru, in yana janye ka daga Allah, kada ka saurare shi. In ya sa wa addu'a farashi, karanta amsar Bitrus ga Saminu, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:18-20. In ya hana tambaya, duba mutanen Biriya a 17:11, Bulus guda suka riƙa auna maganarsa da Nassi kowace rana, aka kuma yabe su.

Sai dai ba kowane bambanci ne ɓata ba, matasa sukan zarme a nan. Katolika na da littattafai 73, ECWA na da 66, amma Sabon Alkawari 27 ne ga kowa. Maganar abinci da ranaku, Romawa 14 ta ce kada a raina juna a kansu. Wanda ya taɓa zancen wanene Yesu, mutuwarsa da tashinsa, shi ne Galatiyawa 1:8 ta ja wa layi.

Ɗan Mabera:
Na gode, iyaye. Mafarki fa?

Dattijon Arkilla:
Allah ya yi magana da Yusufu ta mafarki, gaskiya ne, amma Mai Hadishi 5:3 ta ce yawan hidima ma yakan kawo shi. In ya saɓa wa Nassi, watsar da shi. In yana nuna maka wani a gida a matsayin maye, kada ka furta wa kowa zargi, ka je wurin dattawan ikilisiyarka biyu ko uku ku zauna. In kuma tsoron ya hana ka barci da cin abinci na makonni, a haɗa addu'ar da ganin likita.